ƘODA, BAIWAR DA BA TA KAI ƘARA

Duk wanda ya yi wa harshen Hausa kallon tsanaki zai ga cewa Bahaushe ya raba wa gaɓoɓin jikinsa aiki a cikin magana. Zuciya ita ce sarauniya, da ita ake so, da ita ake ƙi, ita ke tafasa, ita ke sanyi. Ciki shi ke yin fari ko ya yi baƙi. Hanta kan kaɗa idan tsoro ya zo. Jini ma an ba shi nasa rabon, domin akwai mai farin jini, akwai kuma waɗanda jininsu bai haɗu ba. To, amma ina ƙoda? Da wuya ka ji an ambace ta a karin magana ko a kirari. Inda aka fi sanin ta shi ne teburin mai tsire, wurin da ake cewa, "Haɗa mini da ƙoda da 'yar hanta."

Mu ma marubuta haka muka gada. Littattafanmu cike suke da 'yan matan da ciwon zuciya ya kama saboda an hana su wanda suke so, da Alhazan da suka yanke jiki suka faɗi saboda hawan jini. Ƙoda kuwa tana can tana cinye mutane a ƙauyukanmu, alƙalaminmu bai ko waiwaye ta ba. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in ba 'yan'uwa labarin abin da idona ya gani a garinmu Dabawa, cikin ƙasar Dutsin-Ma, a kan mutum da kuma a kan dabba, ko Allah Ya sa wani ya ɗauki zancen ya kai shi inda ni ban iya kaiwa.

Da farko ya kamata mu san wadda muke magana a kanta. Ƙoda biyu Allah Ya ba kowannenmu, suna kwance ta wajen baya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, daidai ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe. Girman kowace bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, siffarta kuwa irin ta ƙwayar wake ce. A cikin kowace guda akwai 'yan mitsi-mitsin matatai kimanin miliyan 1, waɗanda ido ba ya gani. Jini yana ratsa su dare da rana, har su tace ruwan da ya kai lita 180 a kwana ɗaya, wato cikin jarka 9 mai cin lita 20. Sai su mayar wa jiki kusan dukkan ruwan nan, su fitar da lita 1 zuwa 2 kawai tare da dattin da jiki ba ya so. Wannan shi ne fitsari. Bayan haka ƙoda ce ke daidaita gishirin jiki, tana da hannu wajen riƙe bugun jini kada ya hau, ita ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera sabon jini, tana kuma taimakon ƙashi ya yi ƙwari. Duk wannan aiki tana yin sa ba gunaguni. Haƙori in ya lalace ba ya bari a yi barci, amma ƙoda takan rasa fiye da rabin ƙarfinta mai ita yana noma, yana cin kasuwa, bai ji komai ba. Saƙonta kawai takan rubuta a cikin fitsari, ga wanda ya damu ya duba.

Mutanen karkara sun iya karanta wannan saƙo, amma a jikin dabba. Shekarun baya matar kawuna, wadda muke kira Inna, ta turke wani rago tun bayan ƙaramar Salla, tana fatan ta sayar da shi gab da Layya ta rage wa 'yarta kayan ɗaki. Dusa take ba shi safe da yamma, ga ƙanzo, ga ragowar tuwo. Ragon ya yi ɓul-ɓul, kowa ya shigo gidan sai ya tanka. Wata safiya ta fito ba shi abinci, sai ta ga ya ƙi ci, ya tsaya yana yunƙuri, yana karkaɗa wutsiya, yana cizon haƙora, fitsarin kuwa sai ɗigo ɗaya ɗaya. Kafin hantsi ya dubi ludayi ta sa yaro ya hau babur zuwa Dutsin-Ma ya ɗauko malamin dabbobi.

Da malamin ya duba sai ya ce, "Inna, dusa ta yi wa ragon nan yawa, ruwa kuma ya yi masa kaɗan. Tsakuwa ce ta toshe masa hanya." Ya yi mata bayani cewa dusa da hatsi suna ɗauke da wani sinadari wanda, idan ya yi yawa a jikin dabba kuma ba ta shan isasshen ruwa, sai ya daskare a mafitsara ya zama kamar yashi. Tumaki mata kan fitar da shi ba wahala, amma hanyar fitsarin rago siririya ce mai tsawo, nan da nan take toshewa. In aka bar shi kwana biyu ko uku, mafitsara na iya fashewa, ko fitsarin ya koma baya ya lalata ƙoda. Ya yanke ɗan siririn bakin hanyar inda tsakuwar ta maƙale, fitsari ya zubo. Ya ce a rage dusa, a ƙara harawa da ciyawa, a ajiye masa gishirin lasa don ya riƙa jin ƙishirwa, kada kuma a bar masakin ruwansa ya bushe. Rago ya tashi, ya kai kasuwa, Inna ta sayi gado da katifa.

A cikin wannan gida dai, a daidai waɗannan shekaru, maigidan yana ɗauke da nasa ciwon, ba wanda ya sani. Kawu manomi ne na gaske, mai shekara 50 da 'yan kai. Da damina yana gona, da rani yana lambu. An taɓa auna shi aka ce yana da hawan jini, ya sha magani wata guda, da ciwon kai ya lafa sai ya ajiye, domin a ganinsa wanda ya warke ba ya shan magani. Abin da bai taɓa ajiyewa ba shi ne ƙwayoyin ciwon jiki. Kullum ya dawo daga gona sai ya aika a sayo masa haɗi, 'yan jajaye da 'yan farare a ƙulle cikin leda, ya kora da ruwa, gobe ya tashi garau. Shekara da shekaru ana haka.

Sannu a hankali sai ya fara tashi fitsari sau uku, sau huɗu cikin dare. Sai takalminsa ya fara matse shi da yamma. Sai fuska ta riƙa kumbura da safe. Daga baya abinci ya fita ransa, jiki ya riƙa ƙaiƙayi, tafin hannu ya yi fari fat. Nan fa masu ba da shawara suka yi yawa. Wannan ya ce shawara ce, wancan ya ce basir ne ya hau sama, wani kuma ya rage murya ya ce a bincika, ƙila hannu ne, tun da lambun nan nasa ya tsone wa mutane ido. Aka yi ta jiƙe-jiƙe da saiwoyi, kowace safiya da irin kwanon da za a kawo. Sai da ya fara amai ba tsayawa, numfashi yana sarƙewa, sa'an nan aka sa shi a mota aka bi ta Kurfi zuwa Katsina.

Ina cikin ɗakin lokacin da likita ya gama duba sakamakon gwaji. Ya ce, "Baba, tun yaushe fitsarinka yake kumfa?" Kawu ya dubi babban ɗansa, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, ya kai shekara biyu." Da labari ya iso gida Inna ta yi kuka mai yawa. Matar da ta gane ciwon ragonta cikin rabin wuni ta zauna da mijinta shekara biyu ba ta san halin da yake ciki ba, domin a al'adarmu dattijo ba ya zancen fitsarinsa da iyalinsa, iyali kuma ba su tambaya.

Likita ya ce ƙodar duka biyu sun kai matakin ƙarshe, sai wanki. Wankin ƙoda shi ne a jona mutum da na'ura, jininsa ya fita ta wata siririyar roba, na'ura ta tace shi ta mayar masa. Ƙa'ida ita ce sau 3 a mako, kowane zama kimanin awa 4, kuma ba warkarwa yake yi ba, aikin ƙodar kawai yake karɓa na ɗan lokaci. Aka sayar da shanun huɗa. Aka jinginar da lambu, daga baya aka sayar. Sau 3 ya koma sau 1 a mako, sau 1 ya koma sai ran da aka samu. Ga kuɗin mota, ga kuɗin ƙarin jini, ga na kwanan masu jinya. Wata 7 aka yi ana wannan fama, Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙan Kawu. Ya bar mata biyu da 'ya'ya, ba lambu, ba shanu.

Abin da ya ci Kawu ba baƙon abu ba ne ga likitoci. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu kashe ƙoda a duniya, domin suna cinye 'yan jijiyoyin matatan nan a hankali. Magungunan kashe zafin ciwo irin su ibufurofen da diklofenak kuwa suna rage jinin da ke isa ƙoda, musamman ga mutumin da ya wuni cikin rana yana zufa bai sha ruwa sosai ba. Shan su na kwana biyu bisa umurnin likita daban, mayar da su abincin dare daban.

Wanda ke shakkar ƙarfin waɗannan ƙwayoyi ya ji labarin ungulun ƙasar Indiya. A cikin shekarun 1990 aka ga ungulaye suna faɗowa matattu, har wasu irinsu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. An daɗe ana neman dalili, sai a 2004 masu bincike suka tabbatar cewa diklofenak ne da makiyaya ke yi wa shanu allurarsa. Saniya ta mutu, ungulu ta ci mushe, ƙodarta ta tsaya cikin 'yan kwanaki. A 2006 gwamnatin Indiya ta hana amfani da maganin a kan dabbobi. Ka duba fa, ungulu da ke cin ruɓaɓɓen nama ta kwana lafiya, ita ce ragowar magani a jikin mushe ya gama da ita.

Mu ma a nan gida mun ɗanɗana irin wannan a kan 'ya'yanmu. A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba, irin wanda ake amfani da shi a masana'antu. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙorin yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84 ta wannan hanya. A 2022 kuma aka rasa yara kimanin 70 a ƙasar Gambiya saboda maganin tari. A duk wuraren nan alamar ɗaya ce, yaro ya daina fitsari. Ya kamata kowace uwa ta san cewa jaririn da ya wuni bai jiƙa zane ba, asibiti ake kai shi a ranar.

Dabbobin gida ma ba su tsira ba. Kakata tana da wata kyanwa da ta tsufa a ɗakinta tana tsare mata rumbu daga ɓeraye. Da ƙarshen rayuwarta sai ta riƙa zama bakin randa tana shan ruwa ba ƙoshi, tana ramewa, gashinta ya yamutse. Likitocin dabbobi sun san wannan sarai, domin lalacewar ƙoda na cikin cututtukan da suka fi kama tsofaffin kyanwoyi, kuma yawan sha da yawan fitsari su ne alamun farko. Masu karnukan farauta da na gadi su ma su kiyaye. Ƙwayar ciwon jiki da mutum zai sha ya tashi tana iya lalata ƙodar kare, farasitamol kuwa guba ce ga kyanwa ko da guda ɗaya. Haka kuma ruwan nan mai launi da ake zuba wa lagireton mota, yana da ɗan zaƙi, dabba in ta lasa a garejin makanike ƙodarta ce ke tafiya. Tausayin dabba shi ne a kai ta ga masaninta, kada a ɓallo mata daga maganin maigida.

Akwai kuma wata hanya da ta shafe mu musamman, mu mazauna kusa da ruwa. Madatsar Zobe da aka gama a 1983, da dam ɗin Dutsin-Ma, da ƙananan tafkunan da ke kewaye da mu, alheri ne ga mai lambu da masunci. Amma ruwan da ke kwance shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Lokacin da muke yara, yaron da ya fara fitsarin jini har taƙama yake yi, wai ya zama namiji. Alhali tsutsa ce ta huda fatarsa yana wanka, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. In aka ƙyale ta shekaru, sai hanyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda su ƙuntata, ƙoda ta kumbura ta lalace, wani ma ya kai ga ciwon dajin mafitsara. Maganinta kuwa 'yan ƙwayoyi ne da ake sha a rana ɗaya, waɗanda akan raba wa 'yan makaranta kyauta. Ga kuma man shafe-shafen canza launin fata da wasunsu ke ɗauke da sinadarin makuri, ga jijjiga da zubar jini wajen haihuwa, ga saran kububuwa, ga amosanin jini. Kowannensu yana da ƙofar da yake shiga wa ƙoda. A Gashuwa ta Jihar Yobe ma ciwon ya yi yawan da har masana suka duƙufa binciken ruwa da abincin yankin.

Ba a ce babu ci gaba ba. Wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Kolff shi ya ƙera na'urar wankin ƙoda ta farko a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sai a 1945 ya samu majinyaciyar farko da ta rayu ta dalilinta. A 1954 Joseph Murray ya yi dashen ƙodar farko da ya yi nasara a birnin Boston na Amurka, tsakanin wasu tagwaye. A Nijeriya an fara dashe a asibitin St. Nicholas na Legas a shekarar 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi baya a 2002. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Duk da haka, mai karatu ya lissafa 12,000 sau 3 a mako, mako 52 a shekara, ya gaya mini buhun gero nawa manomin Dabawa zai sayar. Ciwon kuma ba ya duba rawani. Mu Katsinawa mun gani a kan marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, ya shugabanci ƙasa har rasuwarsa ranar 5 ga Mayu, 2010. An daɗe da sanin yana fama da lalurar ƙoda, har ya sha zuwa Jamus neman magani.

Abin da ya fi ƙarfin aljihu a ƙarshe, a farko araha ne. Awon hawan jini ba ya cin minti biyar. Awon sukari ɗigon jini ɗaya ne a yatsa. Akwai wata 'yar siririyar takarda da ake tsomawa a fitsari, nan take ta nuna ko ƙoda ta fara yoyon abin da ya kamata ta riƙe. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini ko sukari, ko aka taɓa yin ciwon a danginsu, ya dace ya yi waɗannan ko da sau ɗaya a shekara. Mai hawan jini ya riƙe maganinsa ko ba ya jin komai. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya. Mai aikin rana ya tafi gona da gorar ruwa. Ciwon da aka kama da wuri ana iya rage masa gudu shekaru masu yawa.

To, 'yan'uwa marubuta, ina namu aikin? Littafinmu yana shiga ɗakin da likita bai taɓa takawa ba. Amarya na karanta shi, uwargida na karanta shi, ana karanta wa wadda ba ta yi boko ba, gidajen rediyo ma suna karanta shi ga dubban masu sauraro. Idan za mu iya cika shafi goma muna siffanta lefe, za mu iya ba da shafi ɗaya ga matar da ta lura maigidanta yana yawan fita da buta cikin dare, ta daure ta tambaye shi. Malaman zaure ba su taɓa jin nauyin karantar da babin tsarki ba, kuma harshenmu yana da kalmar bawali ga wanda fitsari ya yi wa nauyi a baki. Sai dai in za mu rubuta, mu rubuta daidai. Kada jarumi ya warke daga wankin ƙoda da allura ɗaya. Kada a yi dashe yau gobe a ɗaura aure, domin sai an gwada an ga jini da jiki sun dace, wanda aka dasa wa kuma zai sha magani muddin ransa. Mu nuna cewa mai ba da ƙoda ɗaya yana rayuwa lafiya da ɗayar, mu kuma nuna cewa sayar da ita laifi ne a ƙarƙashin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Marubucin da ya yi niyyar irin wannan labari ya je ɗakin wanki ya zauna da masu jinya wuni ɗaya, ya saurari yadda ake lissafin kuɗi a bakin ƙofa. Zai dawo da abin da ya fi ƙarfin littafi guda.

Ina kuma ba shugabannin ƙungiya shawara. Tun daga 2006 aka keɓe Alhamis ta biyu ta watan Maris a matsayin Ranar Ƙoda ta Duniya. Me zai hana zaman karatunmu na wannan wata mu gayyato ma'aikacin lafiya da na'urar awon jini, a auna kowa kafin a fara karanta gajerun labarai? Mu da ke kwana zaune muna rubutu da shayi da goro, mu ne farkon waɗanda ya kamata su miƙa hannu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa alƙalaminmu ya amfani jama'a. Amin.